Daga Kano Zuwa Jidda: Yadda Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awanni

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, idan aka ja layi miƙe ta sama. Jirgin zamani yakan cinye wannan tazara cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, muddin hanya a buɗe take. Maniyyaci sai ya yi sallar lisha a sansanin alhazai na Kano, kafin hantsi ya dubi ludayi yana shaƙar iskar Bahar Maliya. Wannan tazara ita ce kakanninmu suka riƙa ɗauka da ƙafa da jaki da raƙumi, wani ya isa bayan shekara biyu, wani bayan goma, wani kuma ƙasa ta rufe masa ido a tsakani. Kano tana nan inda take, Jidda ma haka, ko taku ɗaya ba su matso kusa da juna ba. Lokacin tafiyar ne ya yi ta raguwa, kuma duk wanda ya bi tarihin raguwarsa zai ga abu uku ne ke yanke tsawon hanya: abin hawa, da abin aljihu, da zaman lafiyar ƙasashen da ke tsakani.

Hanyar hamada

Tun kafin a san mota ko jirgi, mutanen ƙasashen nan suna zuwa Makka. Kundin sarakunan Kanem da Borno ya kawo cewa Mai Dunama na ƙarni na 12 ya sauke farali sau biyu, a tafiya ta uku ruwa ya ci shi a teku. Zuwa ƙarni na 13 mutanen Kanem sun yawaita a hanya, har aka yi musu makaranta da masauki a birnin Alƙahira. Mansa Musa na Mali ya bi ta Masar a 1324, Askiya Muhammadu na Songhai ya bi sawunsa a ƙarshen ƙarni na 15, Mai Idris Aloma na Borno kuma ya je a ƙarni na 16.

Hanyar wancan zamani arewa take fara nufa. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ya ya da zango a Agadas, ya ratsa ta Gat da Fazzan, sannan ya karya gabas zuwa Alƙahira, inda ake haɗuwa da babban ayarin Masar mai tafiya Hijaz duk shekara. Dalilin wannan kewaye a fili yake. Mai tafiya a ƙasa ruwa yake bi, da kasuwa, da inda wani sarki zai ba shi kariya daga 'yan fashi. Abin da ke hana madugu barci shi ne ko rijiya ta gaba tana da ruwa ko ta ƙafe. Wanda kuwa ya makara bai riski ayarin Masar ba, sai ya zauna jiran na baɗi.

Da yawa daga masu tafiya ba su dawo ba. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi daga Katsina, ya je aikin hajji, ya zauna Alƙahira yana rubutu da karantarwa har ya rasu a can a 1741. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya je Makka ya dawo. Da malamin zai tafi Makka, Shehu ya bi shi har Agadas, amma ya juyo saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba, kuma har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da zuwa ba. Wannan kaɗai ya isa nuna nauyin tafiyar: mutumin da ya kafa daula sukutum bai sami sararin yin ta ba. Alhaji Umarul Futi ya bar ƙasarsu a shekarun 1820, a kan hanyar komawa ya zauna Sakkwato shekaru wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bai koma yankinsu ba sai wajajen 1840.

Hanyar gabas, hanyar talaka

Sannu a hankali wata hanya ta buɗe ta gabas, bayan daulolin Bagirmi da Wadai da Darfur sun kafu a kan Musulunci. Wannan ita ce hanyar talaka, domin ba ta buƙatar garken raƙuma da guzurin ratsa rairayi. Gari ne bayan gari, ƙauye bayan ƙauye. Daga Kano a nufi Borno, a tsallake kogin Shari, a bi ta Ati zuwa Abeshe, a shiga Darfur ta Junaina, a wuce Fashir da Ubayyid, a isa Nilu a Omdurman da Khartum. Daga nan a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska ke tsallakar da mutane zuwa Jidda.

Shekarar 1903 ta ƙara wa hanyar jama'a. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, dubban mutane na biye da shi. An kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yulin shekarar, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Garin na nan har yau, kuma ya daɗe yana zama zango ga masu zuwa daga baya.

Bari mu yi ɗan lissafi. Mutum mai lafiya da ke tafiyar kilomita 25 a yini, ba hutu ba ciwo, zai yi kwana 136 kafin ya cika kilomita 3,400, wato wata huɗu da rabi. Hanyar ƙasa ta fi haka tsawo saboda kwane-kwane, amma ko an ƙara mata ba za ta kai shekara ba. To me ya sa ake kwashe shekaru? Aljihu ne. Maniyyacin wancan lokaci yakan fita da abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin ya tashi zai biya bashi, ya bar wasiyya, ya zaga dangi neman gafara, domin kowa ya san mai yiwuwa rabuwar ke nan. Ya rataya gafaka, ya ɗauki buta da buzu da sanda da salkar ruwa, matarsa na biye da goyo a baya da ƙullin gari a ka. Inda guzuri ya ƙare, nan zango ya kama. Sai ya nemi gona ya yi ƙodago damina guda, ko ya zauna bakin kasuwa yana aski da yankan farce, ko ya yi ga-ruwa, ko ɗinkin hula, ko ya tara yara yana biya musu allo, matar kuma ta kafa kaskon ƙosai. In an tara abin da zai kai gari na gaba, sai a ɗaure kaya. Yaron da aka goyo daga Kano yakan shiga Makka da ƙafarsa, da ƙannen da aka haifa a hanya.

Turawa sun rage wani yanki na wahalar a Sudan. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Port Sudan a 1909, layin dogo ya isa Ubayyid a 1912, wanda ya kai nan kuma yana da kuɗin tikiti ya huta da tafiyar ƙafa. Amma a 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, gonakin kuma suna neman hannu. Mutanenmu suka tsaya tsinkar auduga da niyyar tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun tara sun wuce, wasu sun je sun dawo sun sake tsayawa neman kuɗin komawa gida, wasu kuma nan suka yi aure, suka haifi 'ya'ya da jikoki. Asalin unguwannin Hausawa ke nan a Wad Madani da Gadarif da Kassala da Damazin da Port Sudan, inda har gobe ake jin Hausa a kasuwa, ake gasa agashe a bakin titi da yamma. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma wannan hanya ta tabbatar da maganar: jinkirin tafiyar ne ya shuka mana dangi daga Tafkin Chadi har bakin teku.

Mai hali kuwa ya sami wata mafita. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Legas ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya wuce Jidda. Hanyarsa ta ninka ta masu ƙafa tsawo, amma ya je ya dawo cikin watanni.

Ƙugi daga sama

A shekarar da aka buɗe gonakin Jazira, wani abu ya faru a sama. Ranar 27 ga Oktoban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, Arthur Coningham yana jagorantarsu. Sun biyo Nilu zuwa Khartum, suka juyo yamma ta Ubayyid da Fashir da Abeshe da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka Kano, a zamanin Sarki Usman. Jiragen na katako ne da aka lulluɓe da yadi, fukafukai hawa biyu, mutum bibbiyu a ciki, kansu a waje iska na dukansu. Gudunsu bai kai kilomita 200 a awa ba, kuma dole su sauka zango-zango su sha mai. Duk da haka, hanyar da alhazai ke shekaru a kanta sun biyo ta a kwana shida. Abin lura, garuruwan da suka sauka su ne zangunan masu ƙafa, domin jirgin wancan zamani shi ma bai iya nisa da gari ba.

A watan Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga sau ɗaya a mako tsakanin Khartum da Kano da jirgi ƙirar DH.86, mai injuna huɗu da kujeru kusan goma, kafin shekara ta fita aka miƙa layin zuwa Legas. Wasiƙu da jami'an mulkin mallaka ne yawancin abin da yake ɗauka. Talakan da ke tafe a ƙasa sai dai ya ɗaga kai ya gan shi yana wucewa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da wannan siririn layi babbar hanya. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Ingila, ga shi kuma tana bukatar kai jiragen yaƙi Masar. A watan Agusta gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle, sararin Chadi ya buɗe. Sai aka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Junaina da Fashir da Khartum har Alƙahira. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Saboda su aka faɗaɗa titunan sauka, aka kafa rumbunan mai da na'urorin rediyo da ofisoshin duba yanayi. Da aka gama yaƙi, Kano ta gaji wannan tanadi, ta zama mashayar manyan jiragen BOAC da KLM da Sabena masu ratsa hamada daga Turai zuwa Kwango da Afirka ta Kudu. A 1957 aka buɗe sabon ginin matafiya a filin.

Daga akori-kura zuwa farfela

Bayan yaƙi mota ta shigo harkar hajji gadan-gadan. Akori-kura kan ɗebi maniyyata daga Kano da Maiduguri, a zauna kan katako da buhunan guzuri, a bi turbar rairayi ta Chadi da Darfur har Ubayyid, inda za a hau jirgin ƙasa. Da rani ƙura da zafi, da damina taɓo ya riƙe mota kwana da kwanaki, fasinjoji su sauko su tura. A bakin teku kuma akwai killacewar lafiya a Sawakin, da duba fasfo da takardar rigakafi. Duk da wannan, tafiyar shekaru ta koma ta makonni da 'yan watanni.

'Yan kasuwar Kano ne suka fara tsara abin a kan ƙa'ida. A ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, irin su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanonin jigilar alhazai, suka fara da motoci, daga baya suka shiga ɗaukar shatar jiragen sama. Jiragen masu farfela ne, gudunsu tsakanin kilomita 300 zuwa 400 a awa. In aka raba 3,400 da wannan gudu, za a sami wajen awa takwas da rabi zuwa sha ɗaya a sama, ban da saukar shan mai a hanya. Wato a karon farko mutum zai iya barin Kano yau ya kwana Jidda gobe.

Hukuma ta biyo baya. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, ya ga halin da alhazan Nijeriya ke ciki da idonsa, a 1957 kuma aka tura Malam Abubakar Gumi Jidda a matsayin jami'in kula da alhazai. A 1958 aka kafa Nigeria Airways, wanda ya gaji kamfanin jiragen Afirka ta Yamma da aka kafa a 1946, jigilar alhazai kuma ta zama babban aikinsa na kowace shekara.

Awa huɗu da rabi

Injin jet ne ya kawo hanyar inda take a yau. Zuwa farkon shekarun 1970 jirage irin su Boeing 707 suna tashi daga Kano su dire Jidda ba tsayawa. Wannan ya zo daidai da kuɗin man fetur, kujerar Makka ta shigo hannun manomi da ɗan tireda da malamin makaranta. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a shekara guda. Tsohon filin jirgin Jidda na Kandara, da ke cikin gari, ya kasa ɗaukar cunkoson duniya, sai aka buɗe sabon filin Sarki Abdul'aziz a 1981, da sashen alhazai mai rufin tantuna 210, wanda duk alhajin da ya taɓa jiran jirgin dawowa a ƙarƙashinsa ba zai manta da shi ba. Daga gida kuma kamfanin Kabo Air, da aka kafa a Kano a 1980, da Max Air da ya biyo baya, sun yi jigila da Boeing 747 mai cin mutum kusan 500 a sahu guda. Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, a 2006 aka kafa sabuwar hukumar alhazai ta NAHCON. Yau ana tashi daga Sakkwato da Katsina da Kaduna da Maiduguri da Yola, daga Yamai a Nijar, daga Tamale a Gana tun 2016, wasu jiragen ma Madina suke sauka kai tsaye.

Ga yadda lissafin awannin yake. Jirgin jet yana tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, da gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Kilomita 3,400 a wannan gudu awa huɗu ne. Sai a ƙara lokacin hawa da na saukowa, inda gudu ke raguwa, da ɗan karkacewar da hanyoyin sama ke yi, domin a sama ma akwai tituna da masu ba da hannu. Iskar can sama kuma tana da nata hukunci: in ta biyo bayan jirgi ta rage masa mintuna, in ta tare shi ta ƙara masa, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba. Zafin rana ma yana shiga lissafi, domin iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi mai cikakken lodi yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Ga kuma bambancin agogo: Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 12 na dare ya yi awa huɗu da rabi a sama, zai tarar da agogon Jidda yana nuna 6:30 na safe, a dawowa kuma a mayar masa da awa biyun.

Layi mafi gajarta tsakanin filayen biyu ya bar tsohuwar hanya a kudu. Ya bi ta gefen Tafkin Chadi, ya hau kan duwatsun Ennedi, ya tsallake Nilu wajajen Dongola, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Ƙasa ce da ba madugun da zai kai ayarinsa cikinta da gangan, amma jirgi ba ya neman rijiya.

Saurin ya jawo tambayoyin da malaman baya ba su taɓa fuskanta ba. Mai ƙafa yakan iso miƙati ya yi wanka a natse ya ɗaura harami. Mai jirgi kuwa yana gifta miƙati cikin ƙiftawar ido, yana ɗaure da bel a kujera. Shin a ɗaura harami tun daga gida ne, ko a cikin jirgi idan matuƙi ya yi sanarwa, ko sai an sauka Jidda? Malamai sun daɗe suna tattauna wannan, shi ya sa ake nanata shi a bitar maniyyata duk shekara.

Ranakun makoki

Gajartar hanya ba ta zo a kyauta ba. Ranar 22 ga Janairun 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko shata, ya taso daga Jidda da alhazai zai sauka Legas. Rashin kyan yanayi ya sa aka karkatar da shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Daga cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, kuma yana cikin hatsarin jirgi mafi muni da duniya ta gani zuwa wannan lokaci. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar. Matuƙan sun juyo suna neman sauka, ba su kai titi ba. Duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi aikinsu.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma iskar taya abu ne da ɗan Adam ke aunawa. A tsohuwar hanya ƙishirwa da ciwo kan ɗauki mutane ɗai-ɗai, a sabuwa kuwa sakacin minti kaɗan kan sa gari guda zaman makoki. Duk wanda aka damƙa wa tantance jiragen jigila ya kamata ya riƙe waɗannan ranaku biyu a ransa.

Abin da har yanzu ke tsawaita hanya

Shekarun da talaka ke kwashewa a hanya ba su ɓace ba, gida suka dawo. A 2025 kuɗin kujera ta hukuma ya haura naira miliyan 8. Mai ƙaramin ƙarfi yakan yi shekaru yana tari, ya sayar da sa, ya jinginar da gona, ko ya shiga adashin gata, kafin ya sami awa huɗu da rabin nan. Tazara ma tana bayyana a farashi, domin hukuma takan kasa kuɗin kujera shiyya uku: maniyyatan Borno da Adamawa, da suka fi kusa da Jidda, su ne ke biyan mafi ƙaranci, sai sauran Arewa, sai Kudu.

A 2020 da 2021 annobar korona ta rufe hanyar ɗungurungum, ba alhajin da ya je daga waje. Sannan ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigila. Jirage suka koma kewaye, aka ƙara awanni a sama, aka ƙara mai, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Ba wanda ya ga laifin kewayen, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Amma abin ya tuna mana cewa saurin da muke taƙama da shi aro ne daga zaman lafiyar mutanen da muke wucewa ta kansu.

Waɗannan mutane kuwa ba baƙi ba ne. Junaina da Fashir da Ubayyid da Wad Madani, sunayen da muke ji a labaran yaƙi da yunwa, su ne garuruwan da suka shayar da kakanninmu ruwa, suka ba su gona da masauki, suka binne waɗanda suka rasu. Yau dubun dubatan mutanen Darfur suna bin tsohuwar hanyar alhazai da ƙafa, amma yamma suka fuskanta, suna tsallakowa Adre a Chadi neman tsira, cikin 'yan gudun hijirar Sudan kuma har da jikokin Hausawan da suka tsaya a hanya.

Saboda haka awa huɗu da rabi tsakanin Kano da Jidda amana ce mai buƙatar tsaro ta fuska uku: jirgi mai lafiya da aka tantance da gaskiya, kujerar da talaka zai iya kaiwa gare ta, da kwanciyar hankali a Chadi da Sudan. Hukumomin alhazai su riƙe na farko da na biyu. Na uku kuwa ya shafi kowa. Malamai su sanya tarihin wannan hanya cikin bitar maniyyata, masu hali su kai ɗauki sansanonin 'yan gudun hijira, shugabanninmu su sa baki a sulhun Sudan da gaske, kai kuma maniyyaci, idan Allah Ya kai ka Arfa, ka saka mutanen Sudan cikin addu'arka.